Kofin Zakarun Afirka na 2009: ta yaya Pillars ta fitar da Al Ahly ba tare da ta doke ta ba?

Ɗan Mabera:

Assalamu alaikum. Don Allah masana tamaula a warware mana wani abu game da gasar cin Kofin Zakarun Afirka ta 2009. Kano Pillars ta yi 1-1 da Al Ahly a Najeriya, ta je Alƙahira aka tashi 2-2, sai aka ce Pillars ce ta wuce. A shekarar kuma Heartland ta ci TP Mazembe 2-1 a Owerri, Mazembe ta rama da 1-0, jimilla 2-2, amma kofi ya tafi Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kongo, ƙasar Mazembe. A gidajen kallo na nan Sakkwato matasa na cewa ai kamata ya yi a ƙara lokaci kamar yadda suke gani a Turai, manya kuma na cewa ƙwallon da aka ci a waje biyu ake lissafa ta. Wanne ne gaskiya? Kuma har yanzu haka dokar take?

Koci Runjin Sambo:

Wa alaikumus salam ƙanena. Manyan sun fi kusa da gaskiya, amma su ma lissafin nasu zai iya kai su ya baro.

Ga yadda hukumar ƙwallon ƙafa ta Afirka, CAF, ke raba gardama a wasan gida da waje. Da farko ana haɗa ƙwallayen karawa biyun. Wanda ya fi yawa ya wuce, magana ta ƙare, ko da duk a gidansa ya zura su. Sai idan jimilla ta zo daidai ake duba wanda ya fi cin ƙwallo a gidan abokin karawarsa. Idan nan ma kunnen doki ne, ana tashi daga minti 90 a tafi bugun fenariti kai tsaye. Ƙarin minti 30 ɗin da matasan ke magana a kai tsarin Turai ne, CAF ba ta yin sa a wasan gida da waje.

To ɗora wannan a kan Pillars. Jimilla 3-3. Ahly ta ci ɗaya a Najeriya, Pillars ta ci biyu a Alƙahira. Biyu ta fi ɗaya, Pillars ta wuce. Na Heartland ma haka: jimilla 2-2, Mazembe ta ci ɗaya a Owerri, Heartland ba ta ci ko ɗaya a Lubumbashi ba.

Inda masu ninkawa ke kuskure shi ne suna ninka ƙwallon tun kafin jimilla ta zo daidai. A ce ka ci baƙo 4-2 a gidanka, ka je gidansa ya ci ka 1-0. Jimilla 4-3, kai ka wuce, ba wanda zai ma duba inda aka ci su. Mai ninkawa kuwa zai ce biyun da baƙo ya ci a gidanka sun zama huɗu, a haɗa da ɗayarsa biyar, sai ya miƙa masa nasarar da ba tasa ba.

Abin da ya fi muhimmanci ga mai horaswa shi ne ya san lissafin kafin a busa usur, don shi ne ke faɗa masa yadda zai jera 'yan wasa. Da 1-1 Pillars ta sauka Alƙahira. Da an tashi babu ci, Ahly ce ta wuce. Da an tashi 1-1, fenariti. Daga 2-2 zuwa sama, kowane canjaras na Pillars ne. Ka ga ke nan zaman tsare gida ba zai fisshe su ba, dole su nemi raga. Kuma da zarar ƙwallon Pillars ta biyu ta shiga, canjaras ya daina yi wa Ahly amfani, sai dai ta ci wasan gaba ɗaya, wato aƙalla ƙwallo uku.

Kada kuma a manta wace Ahly ake magana. Ita ke riƙe da kofin a lokacin. Ta buga wasan ƙarshe sau huɗu a jere daga 2005 zuwa 2008 ƙarƙashin Manuel José ɗan Portugal, ta ɗauka a 2005 da 2006 da 2008, Étoile du Sahel ta Tunisiya ce kaɗai ta hana ta a 2007. Su Aboutrika da Wael Gomaa ne a ciki, ƙashin bayan tawagar Masar da ta ci Kofin Ƙasashen Afirka a 2006 da 2008. Irin wannan ƙungiya Sai Masu Gida suka tare a zagaye na ƙarshe kafin rukuni, a shekararsu ta farko a gasar, bayan sun ci gasar Najeriya ta 2008.

Baba na Ƙofar Atiku:

Koci ya hwaɗi doka, Allah shi yi mai albarka. Ni ga wasan ƙarshe nika son in tsaya, don nan ne ciwon yake.

Ɗana, ka aje kaka biyu kusa da juna. A 2003 Enyimba tac ci Ismaily ta Masar 2-0 a Aba, sunka tahi Ismailiya anka ci su 1-0, sunka ɗauko kofi, na hwarko da wata ƙungiyar Najeriya tat taɓa ɗauka. A 2009 Heartland tac ci Mazembe 2-1 a Owerri, sunka tahi Lubumbashi anka ci su 1-0, sunka dawo hannu rabbana. Su duka biyu ƙwallo biyu sunka ci a gida. Su duka biyu ɗaya anka ci su a waje. Abin da yar raba su ƙwallo guda ce, wadda Trésor Mputu yaz zura a Owerri ran 1 ga Nuwamba. Kwana shida bayan nan, ran 7 ga wata, ita tay yanke hukunci.

Dubi abin da 2-1 ke nuhi ga mai tahiya waje. In Heartland tac ci ko anka yi canjaras, kofi nata ne. In anka ci ta 2-1, fenariti. In anka ci ta 3-2 ko 4-3, kofi nata ne har wa yau, don ta hi yawan ƙwallon waje. Amma in anka ci ta 1-0, shi ke nan, ta hwaɗi. Wato gara a ci ka 3-2 da a ci ka 1-0, kuma wanga shi ne abin da ƙungiyoyinmu ba su son ji. Da sun ci a gida da tazarar ɗaya sai su tattara mutum goma baya, su ce minti 90 ne a jure. To jurewar kamar mai ɗauke da tulu cike bisa kai ne cikin kasuwa, kahwaɗa guda ta ishe shi. Ƙwallo na sauka cikin da'irarka sau ashirin, sau talatin, daga kwana, daga bugun tazara, daga gefe. Ba sai abokin gaba ya gwaninta ba, wata za ta bugi ƙahwar naka ta shige. Haka kuwa anka yi: ƙwallon da tab ba Mazembe kofi cin gida ce, bayan an dawo hutun rabin lokaci. Daga nan sai ka ga ƙungiyar da anka shirya don tsaro tana neman ci da sauran 'yan mintoci, 'yan gaba sun gaji da gudun banza, canji ya kusa ƙarewa.

Da Heartland ta samu ɗaya tak a Lubumbashi, sai Mazembe ta ci biyu kahin ta kai fenariti, sai ta ci uku kahin ta ɗau kofi. Ka ga darajar hita neman ƙwallo tun rabin hwarko, sa'ad da mai gida ya turo 'yan bayansa na gefe gaba ya bar hili.

Kuma kada 'yan Pillars su ce dokar tasu ce. A 2013 Pillars tal lallasa AC Léopards ta Kongo Brazzaville 4-1 a gida. Kowa yac ce an gama. Sunka tahi Dolisie anka ci su 3-0. Jimilla 4-4, Léopards na da ɗaya a waje, Pillars ba ta da ko guda, anka hidda su. Da 4-0 ne, wannan 3-0 ba ta yi musu komi. Shi ya sa koci mai hankali in shina gaba da uku ko huɗu a gida, ba ya barin 'yan bayan gefe su tahi gaba tare, ɗaya ya tahi ɗaya ya tsaya, ɗan tsakiya mai tare ƙwallo kuma kada shi ƙetare layin raba hili. Ƙwallo ta biyar ba ta kai darajar hana baƙo ta hwarko ba.

Ɗan Mabera:

Na gode Koci, na gode Baba, Allah ya ƙara girma. To Pillars fa, bayan Ahly me ya tsayar da ita? Ita ma ƙwallon wajen ce?

Malam Mai Alƙaluma:

A'a, can babu ruwan ƙwallon waje, duka aka yi mata. Amma bari in fara da tsarin gasar a wancan lokacin, don ya bambanta da na yau kuma mutane na cakuɗa su.

A 2009 akwai zagayen share fage, sai zagayen ƙungiyoyi 32, sai na 16, duk gida da waje. Takwas da suka tsira aka raba rukuni biyu, huɗu-huɗu, kowa ya buga wasa shida. Na ɗaya da na biyu a kowane rukuni su tafi wasan kusa da na ƙarshe kai tsaye, babu kwata fainal. Wanda ya faro daga share fage har ƙarshe wasa 16 ke nan, manya irin su Ahly kuma ana ɗauke musu share fagen. Takwas ɗin da aka fitar a zagayen 16 ba gida suke komawa ba, ana sauke su zuwa Kofin Confederation, can Ahly ta faɗa.

Pillars ta samu kanta da ƙungiyoyin Sudan biyu, Al-Hilal da Al-Merreikh, da kuma ZESCO United ta Zambiya, kuma ita ta jagoranci rukunin, Hilal na biye. A ɗaya rukunin Mazembe ce ta ɗaya, Heartland ta biyu, suka bar Étoile du Sahel da Monomotapa ta Zimbabwe. Ƙa'ida ita ce na ɗaya a wannan rukuni ya haɗu da na biyu a wancan, kuma na ɗayan ne ke karɓar karawa ta biyu a gidansa. Ba a duba ƙasa, shi ya sa 'yan gida ɗaya suka yi karo.

Karɓar karawa ta biyu gata ne, amma sai idan ka dawo gida da sauran numfashi. Heartland ta ci Pillars 4-0 a Owerri. Lissafin da ya rage wa Pillars shi ne 4-0 ta kai fenariti, 5-0 ta wuce. Idan kuwa Heartland ta ci ɗaya, 5-1 ma ba ta isa ba, don jimilla za ta zama 5-5 kuma Heartland na da ƙwallon waje, sai 6-1. Heartland ta zo ta ci ɗayar, aka tashi 1-0, jimilla 5-0. Kuskuren da ake yawan yi a karawar farko a waje shi ne idan an ci ka biyu sai ka buɗe gaba ɗaya kana neman ramawa a ranar, alhali 2-0 abu ne da ake gyarawa a gida, 4-0 kuwa sai ikon Allah. Nan zan ɗan saɓa wa Baba, da girmamawa: fita neman ƙwallon waje daidai ne, amma da ma'auni, ba kowane lokaci ba.

Ɗaya wasan kusa da na ƙarshen ya fi ban mamaki. Mazembe ta je Omdurman ta ci Hilal 5-2, sannan Hilal ta bi ta har Lubumbashi ta ci 2-0. Jimilla 5-4. Ko da Hilal ta ƙara ɗaya aka tashi 3-0, Mazembe ce dai za ta wuce da ƙwallayen waje biyar, sai 4-0 za ta fisshe ta. Abin lura ga Heartland shi ne makonni kaɗan kafin wasan ƙarshe an ci Mazembe biyu a gidanta, don haka ragar ba a kulle take ba. Kuma ba baƙin juna ba ne, rukuni ɗaya suka fito, karo huɗu ke nan suka haɗu a kaka ɗaya.

Wannan ne kofin Mazembe na farko tun 1968, lokacin tana TP Englebert. Moïse Katumbi, gwamnan Katanga a lokacin, shi ke riƙe da ƙungiyar, kuma ya iya riƙe 'yan wasansa. Ta sake ɗauka a 2010, ta je gasar ƙungiyoyi ta duniya ta ci Internacional ta Brazil 2-0, sai Inter Milan ta tsayar da ita 3-0 a wasan ƙarshe. Tun daga 2009 ɗin nan kuma babu ƙungiyar Najeriya da ta sake kaiwa wasan ƙarshe na wannan kofi zuwa kakar 2024/25.

Hajiya 'Yar Arkilla:

Ba wanda ya amsa wa yaron nan rabin tambayarsa na biyu, ko har yanzu haka dokar take.

A Turai an soke ta. UEFA ta fara aiki da ita a 1965, ta janye ta a 2021, daga kakar 2021/22. Yanzu can idan jimilla ta zo daidai sai ƙarin minti 30, sannan fenariti. Dalilin da suka bayar shi ne bambancin wasa a gida da waje ya ragu, filaye sun zama kusan iri ɗaya, tafiya ta yi sauƙi, kuma dokar ta koma sa mai gida tsoron kai hari a karawar farko. Matasan da suka fara kallo bayan nan ba su da laifi, ba su taɓa ganin ta a Turai ba.

CAF kuwa ba ta bi su ba. A wasan kusa da na ƙarshe na 2023 Wydad ta Maroko ta yi babu ci da Mamelodi Sundowns a Casablanca, aka yi 2-2 a Pretoria, Wydad ta wuce. A 2025 Sundowns ɗin ta fitar da Ahly da irin wannan: babu ci a Pretoria, 1-1 a Alƙahira. A Kofin Confederation, USM Alger ta ɗauka a kan Young Africans ta Tanzaniya a 2023, Zamalek ta ɗauka a kan RS Berkane a 2024, duka da ƙwallon waje. Ku lura da na Zamalek: an ci ta 2-1 a Maroko, ta ci 1-0 a gida, sak abin da Mazembe ta yi wa Heartland. Ku kuma lura da wasannin Sundowns biyun. Babu ci a gida ba mummunan sakamako ba ne kamar yadda 'yan kallo ke ɗauka, don daga nan duk canjaras mai ƙwallo a waje naka ne.

Ni a ganina Afirka na da hujjar riƙe dokar. Tafiya tsakanin biranenmu sau da yawa sai an sauya jirgi, wani lokaci a kwana a hanya. Mai fita daga Owerri mai zafi da laima ya tarar da Lubumbashi a kan tudu, kusan mita 1,200 sama da teku. Wanda ya ci ƙwallo a irin wannan hali ya cancanci a saka masa.

Sauran abubuwan da suka canza: tun 2017 rukuni huɗu ne, ƙungiyoyi 16, an kuma ƙara kwata fainal. An daina buga gasar daga farkon shekara zuwa Nuwamba, yanzu tana ratsa shekara biyu kamar ta Turai. An gwada wasan ƙarshe guda ɗaya a 2020 da 2021 da 2022, aka koma gida da waje a 2023.

Wani abu kuma da ke fitar da ƙungiya ba a fili ba, shi ne takarda. A 2011 Mazembe ɗin nan, tana riƙe da kofi, ta fitar da Simba ta Tanzaniya, Simba ta kai ƙara kan cewa an sa ɗan wasan da rajistarsa ba ta inganta ba, Janvier Besala Bokungu, CAF ta kori Mazembe daga gasar duk da ta riga ta wuce zagaye na gaba. Sakataren ƙungiya da bai tantance takardar sauya sheƙa da katunan gargaɗin da ɗan wasa ya tara ba zai iya rusa abin da aka yi wata huɗu ana ginawa.

Baba na Ƙofar Atiku:

Hajiya, hujjarki ta tahiya na karɓe ta ga zagayen hwarko. Ga wasan ƙarshe ban karɓa ba. Ƙungiya biyu sun ci biyu-biyu cikin minti 180, a ba su rabin awa su raba da ƙahwa. Malam kuma, ai ban ce a buɗe gida ba, cewa niy yi kada a tahi da niyyar babu ci.

Ɗan Mabera:

Tambaya ta ƙarshe don Allah. Idan maki ya zo daidai a rukuni fa, yawan ƙwallaye ake dubawa kamar a Firimiyar Ingila?

Koci Runjin Sambo:

A'a ƙanena, nan ma ana yawan ruɗewa. A Firimiya tazarar ƙwallaye ta dukan kaka ake fara dubawa. CAF kuwa wasannin da masu kunnen dokin suka yi tsakaninsu take fara ɗauka: makin da kowa ya samu a kan ɗan'uwansa, sai tazarar ƙwallaye a waɗannan wasannin, sai yawan waɗanda aka ci, har da na waje. Sai duk wannan ya gaza raba su ake komawa ga tazarar ƙwallaye ta rukunin gaba ɗaya. A ce ku biyu kuna da maki 10, ka ci na ƙarshen rukuni 6-0, amma abokin takararka ya ci ka 1-0 a gidansa kun yi 1-1 a gidanka. Shi ne a sama, yana da maki 4 a kanka kai kana da 1, shidan nan ba ta shiga lissafi ba.